FANKAR LAGIRETO: YADDA MUKA TASHI DAGA "GA TATA" MUKA KOMA "ZA TA YI, OGA"

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri da ni. Maganar fankar lagireto zan yi, wannan 'yar fankar da ba mai tunawa da ita sai ranar da allurar zafi ta haura sama a tsakiyar gosulo. Na san wani zai ce duk matsalolin ƙasar nan a rasa abin tattaunawa sai fanka? To ni ma'aikacin gwamnati ne, kuma a ofishinmu yanzu da wuya ka ji mai maganar canza mota. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, aka saki naira a watan Yunin shekarar, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024, tsohuwar motar da ke hannunka ta zama kadara. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne. In fanka ta mutu ba ka ankara ba, ko aka ɗaura maka wadda ba tata ba, gasket ya ƙone, tof silinda ya lanƙwashe, to albashin watanni ne zai tafi gareji, yara kuma su koma hawa adaidaita zuwa makaranta.

Abin da nake so mu duba shi ne: me ya sa iyayenmu ba su sha wahalar neman fanka ba, mu kuma muke sha? Amsar tana cikin tarihin mota a ƙasar nan.

Da farko, mene ne aikin fankar? Inji yana son ruwansa ya tsaya a wajen digiri 90. Ruwan yana zagayawa ya kwaso zafi, ya zo lagireto iska ta huce shi. In kana gudu a kan babban titi, iskar da ke bugo gaban mota ta wadatar. Amma in ka tsaya cak, a ce a Kawo ko Ƙofar Nasarawa cikin watan Afrilu, rana ta haura digiri 40, ga esi a kunne, babu mai kawo iska sai fanka. Shi ya sa mota za ta yi Kaduna zuwa Kano lafiya ƙalau, ta shigo gari ta fara tafasa.

A zamanin iyayenmu, fanka ba wani abin ciwon kai ba ce. Injin Peugeot 404 da 504 da 505, wato Fijo kamar yadda muke ce musu, a miƙe yake daga gaba zuwa baya. Hancinsa na kallon lagireto, saboda haka fankar tana kan famfon ruwa, fambel ne ke juya ta. Kamfanin Peugeot ya ma yi wata dabara tun a kan 403, a ƙarshen shekarun 1950: ya sa maganaɗisun lantarki wanda ba ya kama fankar sai ruwa ya yi zafi, don a rage shan mai. Idan maganaɗisun ya lalace, bakanike sai ya ɗaure fankar da fulinta, ta riƙa juyawa tare da inji, shi ke nan magana ta ƙare. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Amma sauƙin ƙirar inji ba shi kaɗai ba ne. Babban dalili shi ne ƙasar kusan mota ɗaya take hawa. An yi wa kamfanin PAN rajista a 1972, lokacin Janar Gowon, ya fara harhaɗa motoci a Kakuri, Kaduna, a 1975. A shekarar ce kuma Volkswagen ya fara nasa a Legas. Daga baya aka samu na manyan motoci: Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Leyland a Ibadan, Mercedes a Inugu. Wannan ya zo daidai da kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji, ga kuma bashin sayen mota da ake ba ma'aikata. Har ta kai, saboda cunkoson jiragen siminti da ya toshe tashar Apapa a 1975, ta jirgin sama ake ɗauko kayan Peugeot daga birnin Liyon na Faransa a sauke a Kano, a ɗora a mota zuwa Kaduna. Ku ji fa, kayan mota a jirgin sama. Bayan kashe Janar Murtala a Fabrairun 1976, gwamnatin Obasanjo ta ɗauki manufar rage almubazzaranci, 504 ta zama motar gwamnati tun daga sama har ƙasa. A farkon shekarun 1980 Kakuri na fitar da motoci sama da 50,000 a shekara.

Sakamakon haka shi ne babban sakatare 504, shugaban makaranta 504, direban tasha 504 mai dogon baya, ɗan kasuwa 504 a-kori-kura. Mahaifina, Allah Ya ji ƙansa, tasa fara ce, kuma ban taɓa jin ya ce an je wani gari nemo mata kaya ba. Ka shiga shago ka ce fankar Fijo, a miƙo maka. Bakaniken Funtuwa da na Potiskum inji ɗaya suka koya. Taya kuwa ga Dunlop a Ikeja, ga Michelin a Fatakwal, batir ma a gida ake yi.

To ina aka kwana? Farashin mai ya faɗi, gwamnatin Shagari ta shigo da tsuke bakin aljihu a 1982, samun lasisin shigo da kaya da kuɗin waje ya zama aiki. Kuma gaskiyar da ba ma son faɗa ita ce masana'antun nan harhaɗawa suke yi, yawancin muhimman kayan daga waje suke zuwa. Da Babangida ya kawo SAP a 1986, naira da ba ta daɗe da fin dala daraja ba ta koma sama da naira 4 a dala ɗaya a gwanjon farko na watan Satumba. Sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, kuma har yau ba ta dawo ba.

A nan ne tokumbo ta shigo. Tsofaffin motocin Turai suka fara kwararowa daga tashoshi irin su Antwaf ta Beljiyam, wanda shi ya sa har gobe muke ce wa kayan gyara na hannu "Beljiyam" ko da daga Japan suka fito. Kwatano ta zama babbar kasuwa. Da yawa a takarda Nijar za su, sai su ɓullo mana ta wajen Maraɗi da Birnin Ƙonni. Daga baya na Amurka da Kanada suka biyo. Golf, Vectra, Honda Hala, Civic, Carina, Sharon, Camry, Corolla, Vibe, kowa da abin da aljihunsa ya kai. A 2003 kuma aka zo da tsarin mayar da alawus kuɗi, gwamnati ta rage sayen motoci ga ma'aikata, ta yi gwanjon da yawa daga cikin waɗanda take da su. Babban mai sayen Kakuri ya ja baya. An daina 504 a tsakiyar shekarun 2000, bayan Faransa ta daina yin salun ɗinta tun 1983. An sayar da hannun jarin gwamnati a PAN a 2006, AMCON ta karɓe shi a 2012 saboda bashi. Michelin ya rufe a 2007, Dunlop ya bi bayansa a 2008.

Abin lura shi ne, daidai lokacin da titunanmu ke cika da motoci kala-kala, ita kanta fankar ta canza hali. Masu ƙera mota sun koma kwantar da inji a gicciye, yana jan tayoyin gaba, don a samu fili a ciki a kuma rage nauyi. In inji ya juya gefe, fulinsa na kallon taya ne, fambel ba zai kai ga lagireto ba. Dole aka koma fanka mai motarta ta lantarki, da na'urar jin zafi da rilai da fis masu ba ta umarni. Peugeot 405 ta 1987 da 406 ta 1995 duk haka suke. Wato daga ƙarfe ɗaya da roba ɗaya, fanka ta zama tsari guda mai sassa biyar ko shida, kuma kowane kamfani da nasa salon.

Ni 406 nake hawa, bari in ba da misali da ita. Sunan ɗaya ne, amma fankar ba ɗaya ba ce. Akwai masu fanka biyu, akwai mai fanka ɗaya babba. A masu biyun, rilai uku ne ke aiki: a ƙaramin gudu fankokin suna raba wuta tsakaninsu, kowace ta samu rabi, in zafi ya ƙaru kowace ta samu cikakken bolt 12. Saboda haka in motar fanka ɗaya ta ƙone, ƙaramin gudun ya tafi gaba ɗaya, ita ma lafiyayyar ba za ta tashi ba sai zafi ya yi nisa. Mutum sai ya ɗauka duka biyun sun mutu, ya sayi biyu alhali ɗaya yake buƙata. A na farko-farko wani ɗan akwati ne da ake kira Bitron ke kula da su, a na baya kuma ƙwaƙwalwar inji ce, tare da resisto mai rage gudu. Yanzu ka je kasuwa ka ce "fankar 406" kawai, wacce za a ba ka?

Daga nan aka samu kalmar da ta fi kowace tsada a kasuwar kayan mota: "Za ta yi, Oga." Ba na cewa 'yan kasuwa maƙaryata ne. Mutumin da ke Panteka ko Ƙofar Ruwa ko Ladipo ko Apo, kwantena ce aka sauke masa cike da kayan motoci iri hamsin, ba takarda ba lamba. Da ido yake aiki, kuma wallahi wasunsu idonsu ya fi kwamfuta. Amma ido ba ya ganin komai. Ga abubuwan da na koya a shekarun da na yi ina riƙon tsohuwar mota, waɗanda su ne ke raba "tata" da "za ta yi".

Na ɗaya, ina fankar take zama? Wadda ke gaban lagireto turo iska take yi, kamar ta 406. Wadda ke bayansa, ta ɓangaren inji, jawo iska take yi, kamar ta yawancin Toyota da Honda. In aka ɗauko mai jawowa aka sa a gaba, iskar waje za ta riƙa fitarwa, tana faɗa da iskar hanya. Mai wayarin zai ce, "Yallaɓai ai sai a juya waya." Gaskiya ne za ta juya ta ɗaya gefen, amma fukafukan an lanƙwasa su ne don gefe ɗaya. Za ka ji ƙara kamar jirgi, iskar kuwa ba ta kai ba. Gwajin mai sauƙi ne: in fanka na aiki, sa takarda a gaban mota. In ta manne, iska na shiga. In ta faɗo, akwai magana.

Na biyu, gidan fankar, wato robar da ke kewaye da ita. Ba ado ba ne. Ita ke tilasta iska ta ratsa duk faɗin lagireto maimakon ta zagaye ta gefe. Fankar da aka ɗaure tsirara da waya ko igiyar roba, da'irar da ke gabanta kawai take hucewa. Ƙari a kan haka, in aka soka maɗauri ta cikin saƙar lagireto, girgiza za ta ci shi a hankali har ya fara yoyo. A auna faɗi, a duba ramukan kusoshi, a kuma duba kaurin motar kada ta taɓa inji.

Na uku, wuta. Kowace fanka da adadin wutar da take ja, kuma a kansa aka auna waya da fis da rilai na motar. In ka sa mai ja da yawa, fis zai yi ta ƙonewa, sai wani ya ce a naɗa waya a madadinsa. To daga nan gobara take farawa. In ka sa mai rauni, fis zai zauna lafiya, inji ne zai biya. A ƙirga bakin soket ɗin: biyu ne, uku ne ko huɗu? Motocin da suka fi sabunta ma akwai wani ɗan akwatin lantarki a jikin fankar da ke karɓar umarni daga ƙwaƙwalwa yana ƙara gudu sannu a hankali. Irin wannan ba a musanya shi da mai waya biyu.

Na huɗu, kuma wannan shi ne inda tarihi ke taimakon aljihu: motoci suna da dangi. Pontiac Vibe da ta cika gari, kamfanin da ke da sunan an rufe shi tun 2010, amma ita 'yar'uwar Toyota Matrix ce, injinsu ɗaya da Corolla ƙirar Amurka ta 2003 zuwa 2008, kuma fankarsu na shiga wa juna. Sharon ɗin da ke jigila a tashoshinmu, da Ford Galaxy ta farko da Seat Alhambra, masana'anta ɗaya suka fito a Fotugal tun 1995. 406 kuma dangin Citroën Xantia ce. Sannan galibi ba mai motar ke ƙera fanka ba, kamfanoni ne irin su Valeo da Bosch da Denso, kuma suna buga lamba a jikin motar fankar. Wannan lambar, tare da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, sun fi sunan mota amfani. Ka ɗauki hotonsu a waya. In da hali ka tafi da tsohuwar fankar a hannu, a jera su, a gwada sabuwar da batir a gabanka, ka girgiza ta ka ji ko tana da lilo. Araha ba ta ado.

Kafin ma a kai ga saye, a tabbatar fankar ce ta mutu. Sau da yawa fis ne, ko rilai, ko resisto, ko na'urar jin zafi, ko soket da ya yi tsatsa. Wani lokacin kabon ɗin cikin motar ne ya cinye, kuma akwai masu canza shi da kuɗi kaɗan.

Yanzu bari in koma kan abin da na ce ku riƙe. A ganina, al'adar nan ta "a haɗa ta dairek, a cire tamostat, ai wannan na ƙasar sanyi ne" gadon zamanin 504 ce. A lokacin, ɗaure fanka da fuli magani ne mai sauƙi, illarsa kaɗan. Ogan ya koya wa yaronsa, yaron ya zama oga ya koya wa nasa. Amma motar ta canza, darasin bai canza ba. Fankar lantarki ba a yi ta don ta yi ta gudu daga tayar da mota har kashewa ba. Kabon zai cinye da wuri, altaneta da batir su wahala. In kuma aka cire tamostat, inji ba ya kai zafin da yake so, musamman da hunturu, ƙwaƙwalwa ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta yi ta zuba mai. Man da lita ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024! Kuma mafi muni, an rufe ainihin cutar, ko lagireto ne ya toshe, ko murfinsa ya saki, ko famfon ruwa ya gaji. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Ban ga laifin kanikawanmu sosai ba. Mutumin da aka koya wa inji ɗaya, aka wayi gari an jibge masa iri ɗari ba littafi ba horo, ya yi ƙoƙari da ya riƙe ƙasar nan a kan taya huɗu. Inda nake da magana shi ne wajenmu, mu ma'aikata da masu tsara manufa. Shekara da shekaru hankalinmu na kan haraji da iyaka. A 2013 aka fito da manufar motoci mai harajin kashi 35 da ƙarin kashi 35. Daga 1 ga Janairun 2017 aka hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa. A Agustan 2019 aka rufe iyakokin. Dokar kuɗi ta 2020 kuma ta zaftare wancan ƙarin harajin. Yau a ɗaga, gobe a sauke. Duk wannan a kan sabuwar mota da mai shigowa ne. Miliyoyin tsofaffin da ke kan titi, waɗanda su ne ke kai mu aiki da asibiti, ba wanda ya tsara musu komai.

Alhali ga misali a gabanmu. 'Yan kasuwar Nnewi sun fara da sayar da kayan gyara, a shekarun 1980 suka je Taiwan suka sayo injuna, suka fara ƙerawa da kansu, har aka kai ga Innoson. Fanka fa roba ce da ƙaramar motar lantarki. Wanda ya taɓa shiga Panteka ya ga abin da ake narkawa ake ƙerawa a wurin ya san ba basira muka rasa ba. Wuta muka rasa, da jari, da ma'auni. Na ji daɗi da Dangote da Peugeot suka sake fara harhaɗa motoci a Kaduna a 2022, amma darasin 1986 yana nan: harhaɗawa ba tare da masu ƙera ƙananan kaya ba, rana ɗaya dala za ta yi tari komai ya tsaya.

Da za a tambaye ni, abu uku zan ce. Kwalejojin fasaha da hukumar NADDC mai kula da harkar motoci su kai horon lantarkin mota har cikin gareji, da Hausa, da yamma bayan an tashi aiki. Ƙungiyoyin 'yan kasuwar kayan gyara su fara sayarwa da lamba, su kuma amince a dawo da abin da bai yi ba. Gwamnatoci kuma in za su sayi motoci, su taƙaita kan iri biyu ko uku, domin motar ofis ta yau ita ce motar ɗan fansho ta gobe, kuma yawan iri ɗaya shi ke sa mai jari ya ga ribar ƙera mata kaya a gida.

Kafin a kai can, ɗan'uwa mai tsohuwar mota, ba a fafe gora ranar tafiya. Tun zafi bai kankama ba, ka tayar da motarka a gida, ka bar ta a tsaye, ka jira ka ji fanka ta tashi da kanta ta kuma tsaya da kanta. Ka kunna esi ka ga ko ta amsa. In allura ta taɓa haurawa kana hanya, ka gangara gefe ka kashe, kada ka buɗe murfin lagireto da zafinsa. In kuma aka ce maka "za ta yi", ka tambaya cikin mutunci: turowa take ko jawowa, bakin soket nawa ne, ina lambarta?

Allah Ya rufa mana asiri, Ya sa albarka a ɗan abin da muke samu, Ya kai mu lokacin da ma'aikaci zai sake shiga shago ya ce fankar motata, a ce masa ga tata.